Wa Ya Shaide Ka? Daga Ijaza Zuwa Shahadar Jami'a

Bayan yaƙin Burmi na 1903, da Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garinsa a bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, malaman da suka biyo shi sun zo da tasu hanyar gane wanda ya yi karatu. Yaro ya yi ta wanke allo har ya sauke, a yi masa zayyana, wadda maƙwabtanmu Larabawa ke ce wa sharafa. Mai karatun ilimi kuwa gaban malam zai durƙusa, ya ja baƙin Ahalari ko Iziyya ko Risala, malam na gyara masa yana fassarawa. In malam ya gamsu sai ya ba shi ijaza: wane ya karanta littafi kaza a wajena, ni kuma na karɓo daga wane. Shehu Usmanu kansa ya jera irin wannan silsila cikin Asanidul Faƙir.

Ku lura, 'yan'uwa, mutum ne ke shaidar mutum. Almajiri ya yi kwaɓa, sunan malaminsa ya ɓata.

Jami'a ta ɗauke shaidar ta ɗora wa hatimi. Kwalejin Khartum, kafin ta zama jami'a mai cin gashin kanta a 1956, digirin Jami'ar Landan ɗalibanta ke samu, da amincewar mutanen da ba su san fuskarsu ba. Jami'ar Jazira aka kafa ta a Wad Madani a 1975. Hatimi ya fi ijaza tafiya nesa, yana kuma rage son kai, wannan ba gardama. Sai dai da rajista ya jingina. Da yaƙi ya ci Madani a Disambar 2023, ɗalibai suka watse zuwa Sinnar da Gadarif, ga karatu a ka, babu ofishin da zai buga musu hatimi.