Kulofuromazin: Maganin da Bai Tsaya Wuri Ɗaya Ba a Ƙwaƙwalwa

A watan Disamba na 1950 Paul Charpentier ya haɗa kulofuromazin a kamfanin Rhône-Poulenc na Faransa, kuma ba tabin hankali aka nufa da shi ba. Likitan tiyata Henri Laborit ne ya lura cewa wanda aka bai wa maganin yakan natsu, ya daina damuwa da abin da ke kewaye da shi, alhali bai suma ba. A 1952 Jean Delay da Pierre Deniker suka gwada shi a asibitin Sainte-Anne da ke Faris a kan masu tabin hankali mai tsanani, ciki har da masu sikizofiriniya, ciwon da kan sa mutum jin muryoyin da babu su da kuma zargi marar tushe. An sayar da shi da sunan Largactil a Turai, Thorazine kuma a Amurka daga 1954.

An shafe shekaru ana ba da shi kafin a san yadda yake aiki. Sai a 1963 Arvid Carlsson da Margit Lindqvist suka nuna alamar cewa toshe makarɓan dofamin yake yi, wato wuraren da wannan sinadari ke sauka ya isar da saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya. A tsakiyar shekarun 1970 binciken Philip Seeman da na Solomon Snyder suka nuna cewa gwargwadon yadda magani ke kama makarɓan da ake kira D2, gwargwadon ƙanƙantar adadin da ake buƙata daga gare shi. Shi ya sa miligiram 2 na wani maganin da ake kira halofaridol kan yi kusan aikin miligiram 100 na kulofuromazin.

Sai dai dofamin ba hanya ɗaya yake bi ba, magani kuwa bai san bambanci ba. Idan ya toshe hanyar da ta shafi motsin rai, muryoyi su lafa, zargi ya ragu. Idan ya toshe wadda ke kula da motsin jiki, sai rawar hannu da sandarewar gaɓoɓi da tafiya ja-da-ƙafa su bayyana, irin na ciwon Fakinson. Wani ma wuyansa ya murɗe. A wata hanyar kuma sinadarin firolaktin ne ke hauhawa, haila ta ɗauke, nono ya kawo ruwa ba tare da goyo ba. Hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sauƙi kan samu idan an toshe kusan kashi 65 cikin ɗari na makarɓan D2, matsalar motsi kuma ta yawaita idan aka haura kusan kashi 80. Tazarar ba ta da faɗi. A ganina a nan ne gwanintar likita take, domin ƙarin magani bayan wannan iyaka wahala yake ƙarawa fiye da sauƙi.

Kulofuromazin kuma ba dofamin kaɗai yake taɓawa ba. Yana toshe makarɓan sinadarin histamin, shi ya kawo barci mai nauyi da ƙiba. Yana sassauta jijiyoyin jini, mutum ya miƙe tsaye jiri ya ɗebe shi. Bushewar baki da maƙarƙashiya kuwa daga toshe makarɓan sinadarin asetilkolin suke. Barcin nan yakan ruɗi dangi: yana zuwa cikin sa'o'i, sai a ce an samu lafiya, alhali cikakken tasiri a kan muryoyi da zargi yakan ɗauki makonni.

Hanta ce ke sarrafa shi, kuma adadin da ke isa jini ya bambanta ƙwarai tsakanin mutum da mutum; shan taba ma na iya rage shi. Wasu kaɗan kan yi shawara a makonnin farko. Wanda ya daɗe a kansa na iya samun motsin leɓe da harshe da ba ya iya tsayarwa, wani lokaci ko an daina maganin ba ya barin sa. Mafi haɗari shi ne zazzaɓi mai zafi haɗe da sandarewar jiki da ruɗewa, wanda ke buƙatar asibiti nan take. Ga masu zama a ƙasashe masu zafi akwai ƙarin abin lura, domin maganin yana raunana yadda jiki ke daidaita zafinsa, yana kuma sa fata saurin ƙonewa a rana.

Duk da haka yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, saboda yana da araha kuma yana aiki. Sababbin magunguna irin su olanzafin sun rage matsalar motsi, amma sun zo da tasu: ƙiba mai yawa da haɗarin ciwon suga.