Ƙaramar Tocilar Aljihu: Yadda Za Ka Zaɓa, Da Yadda Za Ka Yi Aiki Da Ita

Duk wanda ya taɓa jiran tirela a Kara ta hanyar Legas zuwa Ibadan, ko Akinyele, ko Lokpanta, ya san shanu ba sa zaɓar lokacin isowa. Sau da yawa ƙarfe biyu ko uku na dare ake sauke su, ga duhu, ga taɓo. Yawancinmu fitilar waya muke kunnawa. Ni ma haka nake yi, har ranar da wayata ta kuɓuce ta faɗa cikin caɓi muna tsaka da ƙirgen dabbobin Baba, lambobin dillalai da lissafin bashi duk suna ciki. Tun daga nan tocila ba ta barin aljihuna.

Tocilar da ake nufi ita ce ƙarama, wadda tsawonta bai wuce tafin hannu ba, mai ƙwan LED. Amfaninta shi ne kullum tana jikinka. Babbar tocilar da aka bari a ɗaki ba ta maganin komai idan an ɗauke wuta kana kan hanya.

Ƙarfin haske

Ana auna hasken tocila da lumen. A nan ne ake yawan cutar mai saye, za ka ga 'yar mitsitsiyar tocila an rubuta mata lumen 100,000. Ba gaskiya ba ne. Ga abin da mutum ke buƙata a zahiri: lumen 1 zuwa 5 ya isa ka nemo takalmi ko makulli a ɗaki ba ka tashi kowa ba. Lumen 30 zuwa 100 ya isa tafiya a lungu da duba lissafi. Lumen 300 zuwa 500 kuwa na hango abin da ke can ƙarshen garke ne.

Ka sani kuma, mataki mafi ƙarfi ba ya daɗewa. Ƙwan yana zafi, sai tocilar ta rage hasken da kanta bayan 'yan mintuna. Kamfanonin kirki suna bin wani ma'auni mai suna ANSI FL1, wanda ke ƙirga awannin aiki har sai haske ya sauka zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Ke nan in an ce awa 4, ba wai awa 4 tana ci da cikakken ƙarfi ba. Don haka ka fi kula da matakin ƙasa da na tsakiya, su ne za ka fi amfani da su.

Batir

Iri biyu ne. Na farko AA da AAA, waɗanda ko a shagon kwanar gida za ka samu. Sun dace da mai bin mota daga Arewa zuwa Kudu, wanda zai yi kwanaki a hanya babu wurin caji. Aibinsu shi ne in suka daɗe a ciki sai su yi yoyo su cinye ƙarfen. In ba za ka yi amfani da tocilar na wani lokaci ba, ka zare su.

Na biyu batirin litiyom mai caji, kamar 18650 da 14500. Lambar girmansa take nunawa: 18650 faɗinsa milimita 18, tsawonsa milimita 65. Na ƙwarai a cikinsu yana tsayawa wajen 3500mAh. In ka ga an rubuta 9900mAh, jabu ne, ka ajiye. Shi kuma 14500 girmansa ɗaya da AA amma ƙarfinsa bolt 3.7 ne, na AA kuma 1.5. In ka sa shi a tocilar da aka yi don AA kaɗai, za ta iya ƙonewa. Wanda ke zaune cikin gari, ya nemi mai caji da Type-C, caja ɗaya ta ishe shi ita da waya.

Ruwa

Mu da ke Kudu, damina ta fi rabin shekara. Duba alamar IPX a jikin kwali. IPX4 tana jure yayyafi da fantsama. IPX7 tana jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. IPX8 ta wuce haka. Mai aikin kara ko kwata kada ya sayi ƙasa da IPX7. Kwance gindinta ka gani ko akwai zoben roba, shi ne ke tare ruwan.

Launin haske

Farin haske mai shuɗi-shuɗi yana burge ido a shago, amma cikin ruwan sama ko hazo sai ya dawo maka a fuska. Mai ɗan ruwan ɗorawa ya fi sauƙi ga ido. In kana duba bakin sa, ko kofato, ko launin nama, nemi wadda aka rubuta CRI 90 ko sama, ita ke nuna launi yadda yake.

Kafin ka biya kuɗi

Ka gwada a gaban mai shago. Kunna kowane mataki, girgiza ta ka ga ko haske na ƙiftawa. Wadda ke farawa da ƙaramin haske ta fi wadda sai ka bi ta kan walƙiya kafin ka kashe. Jikin alminiyam ya fi roba ƙarko, kuma a samu maƙali na aljihu ko igiyar hannu.

Wajen amfani

Kada ka dalle idon sa, yana firgita, kuma a bakin tirela firgitar sa ɗaya na iya karya mutum. Haska ƙasa, wajen ƙafafu. Matakin walƙiya kuwa kar ma ka kusanto da shi garke.

Haka ma mutane. In ka haɗu da jami'an tsaro ko 'yan sintirin unguwa da dare, sauke hasken ƙasa, ka yi gaisuwa. Baƙo ba ya haska fuskar mai gari. Ka guji irin tocilar nan mai ɗana wa mutum wuta, za ta iya jawo maka tambayoyin da ba ka shirya musu ba.

Tocila kan kunna kanta a aljihu ta ƙona riga. Da yawansu in ka ɗan sassauta murfin gindi, wutar ta yanke. Kada ka zuba batirin litiyom tsirara a aljihu tare da makulli ko kwabbai, yana iya kama wuta. Wanda ya kumbura ko fatarsa ta yage, ka daina sa shi. Kada ka bar shi a caji kana barci, ko cikin mota a rana.

Sai ka sa mata rana guda a mako ta caji, ko ta mutu ko ba ta mutu ba. Ni ranar Juma'a nake yi, kafin motocin ƙarshen mako su fara shigowa.