Ibn Tumart: ɗalibin da ya dawo gida ya ƙi a gyara masa

Duk lokacin da na ji iyaye na kukan ɗansu ya dawo daga karatu a waje yana ganin kowa a bisa kuskure, Muhammadu Ibn Tumart nake tunawa. An haife shi wajen shekara ta 1080 a duwatsun Sus na kudancin Maroko, cikin ƙabilar Masmuda. Su Masmuda Amazig ne, waɗanda Larabawa ke kira Barbar, dangin Abzinawanmu a harshe.

Wajen 1106 ya bar gida neman ilimi, ya yi shekaru a ƙasashen gabas. Mabiyansa sun ce ya gana da Imam Gazali, amma masana tarihi da yawa na shakkar haka. Da ya juyo gida, sai ya riƙa fasa tulunan giya da kayan kiɗa a garuruwan da ya ratsa, har aka kore shi daga birnin Bijaya na Aljeriya ta yau. A kusa da nan ya gamu da wani saurayi, Abdul Mumini, wanda ya zama babban almajirinsa.

A lokacin Murabiɗai ke mulkin Maroko da Andalus. Su ma Amazig ne, amma Sanhaja na hamada, mazansu na rufe fuska da amawali irin na mutanen Abzin. Ibn Tumart ya zarge su da kamanta Allah da halitta, ya yi wa rufe fuskarsu ba'a. A ganina, ɗan dutse ne ke neman wa ƙabilarsa matsayi gaban sarakunan hamada, ya kuma samu kalmomin yin haka a cikin tauhidi.

Ina yaba masa abu guda. Ya koyar da tauhidi da harshen Amazig, don manomin da bai iya Larabci ba ya gane abin da ya yi imani da shi. Malaman lakwal da ke fama da yara masu haddar Faransanci ba tare da fahimta ba sun san darajar wannan.

Ɓarna ta fara a 1121, da aka yi masa mubaya'a a matsayin Mahadi ma'asumi, wanda ba ya kuskure. Daga nan ba wanda ya isa ya ce masa a'a. A sansaninsa na Tinmal aka yi tankaɗe da rairaya, aka kashe mutane masu yawa daga cikin ƙabilun da ke bin sa, don ana shakkar biyayyarsu. Ya rasu a 1130, bayan an karya rundunarsa a bakin Marrakesh. Abdul Mumini ya ci birnin a 1147, ya kafa daular Muwahhidai. A 1229 wani halifan daular, Al-Ma'amun, ya fito fili ya soke aƙidar Mahadin.

Iyaye da malamai, yaron da ya dawo da zafin addini yakan zo da tambaya ta gaskiya game da asalinsa da harshensa, kuma ya cancanci a zauna da shi a amsa masa. Abin da za mu sa wa ido shi ne ko har yanzu yana yarda a gyara masa magana, ko kuwa ya fara ganin kansa sama da gyara.