Kafasitar kwalin sigari: tarihin sautin da aka naɗe da hannu

1/ Jama'a, jiya ƙanina ya wurgar da sifikarsa ta Bluetooth don ta fara shaƙewa. Sai na tuna kawuna, mai gyaran rediyo a Gwaram, wanda da hannunsa yake naɗa kafasita. Ku biyo ni a zaren nan.

2/ Son sauti a yankinmu ba yau ya fara ba. A 1955 Baturen nan masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya rubuta labarin duwatsun Birnin Kudu masu amo kamar ƙararrawa in an buga su, kusa da kogunan da ke da tsofaffin zane-zanen shanu. Tun kafin batir, kakanninmu sun san wane dutse ne ke da murya.

3/ To mece ce kafasita? Faifan ƙarfe biyu ne da ba sa taɓa juna, a tsakaninsu akwai abin da wuta ba ta bi, kamar takarda ko gilashi. Tana riƙe caji ta sake shi. Tsofaffin masu gyara kondensa suke ce mata.

4/ Ta farko ma a kwalba aka yi ta. A 1745 wani Bajamushe, von Kleist, ya tara caji a kwalba mai ruwa. Ba a jima ba Musschenbroek ya yi irin haka a garin Leiden na Holan, wutar ta fizge shi har ya rantse ba zai ƙara ba. Wato asalinta aikin hannu ne.

5/ An ƙirƙiro taransisto a 1947, rediyo ya ƙanƙance ya koma cin batir. BBC Hausa ta fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, kaset ya fito a 1963. Da haka akwatin magana ya shiga ƙauyukan da ko turken lantarki babu. Wannan maɓallin da ake murzawa a kamo tasha, kafasita yake juyawa a ciki.

6/ Matsalar ita ce kayan gyara suna Kano. In ƙaramar kafasita ta mutu, sai a jira mai zuwa birni. Kawu ba ya jira. Takardar azurfa ta cikin kwalin sigari guda biyu, takarda mai tsabta a tsakani, siririyar waya a jikin kowacce, ya naɗe tamau, ya tsoma a narkakken kyandir don kada raɓa ta shiga.

7/ Gaskiya ba ta kai ta kamfani ba, cajinta kaɗan ne. Amma ta isa ta rage tsuwwar kaset. Sai ya kifa sifika a bakin tulu don muryar ta yi kauri. Wallahi a haka na fara jin Shata sosai, kalangu kamar a tsakar gidanmu ake kaɗa shi.

8/ Kawu ya rasu, ko layi ɗaya na iliminsa ba a rubuta ba. Ni da na zauna gefensa, riƙe waya kawai na koya. Abin yana ci mini rai.

9/ In za ku gwada, da batir kaɗai. Kar ku kusanci wutar NEPA, kuma kafasitar tsohuwar talabijin tana riƙe wuta ko an kashe ta.

10/ In akwai tsohon mai gyara a unguwarku, ku je da waya ku ɗauki bayaninsa tun yana nan. Sifikar ƙanina kuwa na tsince ta, gobe za mu kwance ta tare. Allah ya jiƙan magabatanmu.