Nahawu da Yawan Magana a Koyon Ingilishi: Nazari kan Mandera da Kewayen Shagari da Boɗinga

Tsakure

Maƙalar nan ta duba matsayin nahawu da na gwada magana wajen koyon Ingilishi a Mandera da garuruwan da ke kewaye da ita cikin ƙananan hukumomin Shagari da Boɗinga a Jihar Sakkwato. An dogara ne da Manufar Ilimi ta Ƙasa, da tsarin jarrabawar WAEC, da ra'ayoyin masana koyon harshe na biyu, da kwatanta Hausa da Ingilishi. Matsayin da aka ɗauka shi ne, inda yaro ba ya jin Ingilishi sai a aji, magana ce ya kamata ta ci kaso mafi tsoka na darasi, a taƙaita nahawu ga wuraren da harsunan biyu suka saɓa.

Gabatarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da gyare-gyarenta na 1981, 1998, 2004 da 2013, a baya ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekaru uku na farkon firamare, Ingilishi ya karɓi ragama daga aji huɗu. Wannan tanadi ya ɗauka cewa kafin lokacin kunnen yaro ya saba da harshen. A Mandera kuwa, da Hausa ake ciniki, da ita ake wa'azi, da ita Bafulatani da Bahaushe suke gaisawa. Babu Burokan Ingilishi irin na Legas ko Fatakwal da zai zame wa yaro tsani. A takarda Ingilishi harshen hukuma ne, a zahiri kuma baƙon harshe ne da rayuwarsa ke ƙarewa da ƙarar ƙararrawar tashi.

Dalilin da ya sa nahawu ya yi rinjaye

Girmama nahawu a wannan yanki ya girmi boko. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Malam Abdullahi ne ya wallafa Al-Bahrul Muhiɗ a nahawun Larabci da Al-Hisnur Rasin a ilimin sarfu. Har gobe almajirin zaure da Ajurumiyya yake somawa kafin ya kai ga Alfiyyar Ibnu Malik. Wannan hanya ta biya buƙatar da aka gina ta dominta, wato karanta nassi daidai da tsare shi daga lahani. Ba don a yi hira da Larabci a kasuwa aka tsara ta ba. A ganin mai wannan nazari, tunanin cewa sanin harshe shi ne sanin ƙa'idojinsa ya biyo malami da iyaye zuwa ajin Ingilishi, alhali abin da ake nema a can daban ne.

Jarrabawa ta ƙara wa abin ƙarfi. Ingilishin WAEC takarda uku ne. Ta farko tambayoyi 80 na zaɓi kan kalmomi da ginin jimla. Ta biyu insha'i da auna fahimta da taƙaitawa. Ta uku, wadda ake cewa ta gwada furuci, tambayoyi 60 ne na zaɓi da ɗalibin Nijeriya ke amsawa da fensir, bai buɗe baki ba. Yaro na iya cin makin wasalin da bai taɓa furtawa ba. Malamin da za a tambaye shi yawan waɗanda suka ci kiredit ba shi da laifi in ya cika allo da ƙa'idoji. Tsarin ne ya tura shi can.

Abin da masana suka gano

Dell Hymes (1972) ya nuna cewa iya harshe ya haɗa da sanin abin da ya dace a faɗa, ga wa, kuma a ina. Stephen Krashen (1982) ya tafi a kan cewa yawan ji da karanta abin da ake fahimta shi ke samar da harshe, ƙa'idar da aka haddace kuwa gyara kawai take yi. Merrill Swain (1985) ta duba yaran Kanada da suka yi shekaru ana koyar da su da Faransanci, ta tarar suna fahimta sosai amma nahawunsu na magana bai nuna ba, sai ta danganta hakan da ƙarancin damar yin magana da kansu. A ɗaya ɓangaren, bitar da Norris da Ortega (2000) suka yi wa bincike masu yawa ta nuna koyar da ƙa'ida a fili yana da tasiri. Michael Long (1991) ne ya kawo matsakaiciyar hanya: a jawo hankalin ɗalibi ga ƙa'ida a daidai lokacin da ya yi tuntuɓe da ita cikin magana.

Tarihin Arewa ma ya ba da shaida. Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a hukumance a 1922, ta yi suna wajen horar da ɗalibai furucin Ingilishi, kuma daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka fito. Sai dai makarantar kwana ce ta 'yan ƙalilan da aka tace, ba za a ɗora ma'auninta a kan firamaren ƙauye ba.

Wane nahawu ɗan Mandera yake buƙata?

Ba dukkan ƙa'idoji ne ke ba mai jin Hausa wahala ba. Bambancin "he" da "she" yana zo masa da sauƙi, domin Hausa na rarrabe jinsi har a "kai" da "ke". Inda gizo ke saƙar shi ne lokutan aikatau. Hausa a kan wakilin suna take nuna lokaci, aikatau ya tsaya yadda yake: ya tafi, zai tafi, yakan tafi. Ingilishi kuwa aikatau ɗin yake juyawa, "go" ta koma "went". Shi ya sa yaro zai ce "yesterday I go" ko da ya haddace jadawalin aikatau. Haka tambaya: "Ka ci abinci?" da murya kawai ta bambanta da "Ka ci abinci", amma Ingilishi na buƙatar "did" a farkon jimla.

A furuci akwai wani abu na musamman da littattafan da aka rubuta da karin Kano a zuciya ba su cika lura da shi ba. Hausa ba ta rarrabe "p" da "f", sannan Basakkwace "hwata" da "tahi" yake cewa inda Bakano zai ce "fata" da "tafi". Ke nan sautukan biyu duka suna neman atisaye a bakinsa. Ga kuma saka wasali tsakanin baƙaƙen da suka jeru, kamar yadda aka yi a "buroshi" da "sukuru". Bayani a allo ba ya sauya waɗannan. Sai baki ya maimaita, kunne ya ji, malami ya gyara.

Lissafin lokaci a aji

A ɗauka aji mai ɗalibi 60 da darasi na minti 40. In malami ya ci rabin lokacin, aka raba sauran ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro daƙiƙa 20 zai samu. In aka haɗa su bibbiyu, wannan minti 20 ɗin zai ba kowa minti 10. Abin da za su tattauna ma yana gabansu: farashin gero da albasa, abin da aka yi jiya a gona, kwatancen hanya daga Mandera zuwa Shagari. Labarin jiya shi kaɗai zai tilasta wa yaro amfani da shuɗaɗɗen lokaci sau da yawa, malami na zagayawa yana tattara kurakurai biyu ko uku da zai yi bayaninsu a minti biyar na ƙarshe, da Hausa in ta kama.

Babban cikas shi ne kunya da dariyar 'yan aji, musamman ga 'yan mata, sai kuma malamin da shi kansa da ƙa'ida aka horar da shi. Na farko yana raguwa in da abokin zama ake magana, ba a tsaye gaban aji ba. Na biyu aiki ne na cibiyoyin horar da malamai irin su Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda ya kamata su riƙa auna iya maganar ɗalibi-malami da baki, a ba ta maki na kanta lokacin koyarwar gwaji.