Daga Fijon Kaduna Zuwa Ƙaramar Jif: Tarihin Motar da ta Cika Layukan Karewa

Layin dogo bai taɓa zuwa Yola ba. Da aka ja shi zuwa Maiduguri, aikin da aka kammala a 1964, ta Bauchi da Gombe ya bi, ya bar Adamawa a gefe. A da kogin Binuwai ne hanya. Jiragen ruwan kamfanonin Turawa kan hauro da damina idan kogi ya kawo, su sauke gishiri da yadi, su loda gyaɗa da fatu, kuma a bakin wannan tasha Jimeta ta girma, nesa kaɗan da tsohon garin da Modibbo Adama ya kafa a 1841. Da sufurin ruwa ya mutu, sai komai ya koma kan taya. Mutumin Yola da zai je Kano ko Jos ko Legas, muddin ba jirgin sama zai hau ba, dole ya auna motarsa da doguwar hanya, tun kafin ya yi tunanin kyanta.

A 1976 aka ƙirƙiro jihar Gongola, Yola ta zama hedikwata. Ma'aikata suka kwararo daga Maiduguri, ofisoshi suka tashi a Jimeta, unguwanni irin su Karewa suka cika da manyan ma'aikatan gwamnati da iyalansu. Lokacin ya zo daidai da kuɗin mai da ƙarin albashin Udoji, ga kuma masana'antar Peugeot da ta fara haɗa motoci a Kaduna a 1975. Ma'aikaci ya karɓi rancen mota, ya sayi 504 sabuwa dal, leda a kan kujerunta. Gwamnatin soja ta wancan zamani ma ita ta zaɓa wa jami'anta. Fijo ba motar alfarma ba ce, amma ƙasanta na da tsayi, ƙafarta na shanye gargada, kuma duk garin da ta tsaya, daga Numan har Mubi, akwai bakaniken da ya san cikinta. Jif kuwa a lokacin motar aiki ce: Land Rover ta likitan dabbobi, ta 'yan mishan, ta jami'in da zai hau Mambila.

Shirin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida, wato SAP, ne ya datse wannan zamani a 1986. Naira da ta fi dala daraja a farkon shekarun 1980 ta faɗi zuwa wajen naira 4 a kan dala ɗaya a 1987, ta ci gaba da gangarawa. Kayan da ake haɗa Fijo da su daga Faransa suke zuwa, don haka sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi. Sai aka koma ga tsofaffin motocin Turai, daga Beljiyam da Jamus da Holan, waɗanda akasarinsu ake saukewa a Kwatano saboda sauƙin haraji, a shigo da su ta kan iyaka. Tun daga nan 'yar Kwatano ta zama ita ce "sabuwa" a bakin mutane, wanda ya sayo ta kuma a taru a yi masa Allah ya sa alheri, Allah ya tsare. Ni a ganina babban sauyin ke nan a duk wannan tarihi, kuma ba mu cika tsayawa a kansa ba: uba ya hau motar da 'yan ƙasarsa suka haɗa, ɗansa ya gaji jiran abin da wani ya gama mora.

Ana cikin haka, a can ƙetare aka sake wa jif fasali. Tsohuwar jif, irin su Land Cruiser da Pajero, gangar jiki ce da aka ɗora a kan ƙaƙƙarfan ƙarfe irin na babbar mota, ga nauyi ga shan mai. A 1994 Toyota ta fito da RAV4, wadda aka gina bisa tsarin ƙaramar mota aka ɗaga ta sama. Honda ta biyo da CR-V a 1995. Sai 1998, Lexus, wato reshen Toyota na motocin alfarma, ta kai RX 300 kasuwar Amurka: kujerun fata, rashin ƙara, giya mai canja kanta, amma injin ɗin dangin na Camry ne. Ta samu karɓuwa ƙwarai, Jamusawa suka bi sahu da ƙananansu, BMW X3 a 2003, Mercedes GLK da Audi Q5 a 2008. Range Rover Evoque ta zo a 2011, Lexus NX a 2014.

Babu ɗaya daga cikinsu da aka ƙera don layin Karewa. An yi su ne don matar aure a bayan garin Amurka mai kai yara makaranta cikin dusar ƙanƙara. Sai sun shekara goma ko fiye, wasu sun yi haɗari kamfanin inshora ya yi gwanjonsu, sannan a loda su a jirgi zuwa tashar Tin Can a Legas, a yi musu fenti, a kama hanyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Jimeta.

Masu saye ma sai da tarihi ya samar da su. A 2003 gwamnatin Obasanjo ta fara mayar da alawus ɗin gida da mota kuɗi a hannu, manyan ma'aikatan tarayya suka shiga neman motar kansu. Siyasa ta dawo tun 1999 da jerin gwanon Prado, ido ya saba ganin babban mutum a mota mai tsayi. Bankuna da kamfanonin waya sun buɗe rassa, jami'ar AUN ta kafu a Yola. Bayan Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a Oktoban 2014, ƙungiyoyin agaji suka cika garin, suka ɗauki matasa masu digiri aiki da albashi mai kauri. Irin waɗannan ba za su iya Prado ba, Corolla kuma ta yi musu kaɗan. Ƙaramar jif ta faɗo daidai tsakiya, kuma mata ma'aikata sun rungume ta sosai, don tana da sauƙin juyawa cikin cunkoson Keke Napep a bakin kasuwa, ga direba na hango hanya daga sama.

Akwai buƙata ta gaskiya a ciki, kada a ce duk taƙama ce. Manyan titunan Jimeta sun gyaru, har da gadojin sama da gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta gina bayan 2019, amma da zarar an sauka daga kwalta, layukan cikin unguwa da damina sai mai tsayin ƙafa. Garin da ya ga ambaliyar 2012 da ta 2022, lokacin da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, ba ya raina tazarar da ke tsakanin ƙasan mota da ƙasa. Sai dai tsayin na yaudarar wasu su afka cikin ruwa mai zurfi, injin ya zuƙa, shi ke nan sai a sauke shi.

Abin da ya raba gardama tsakanin motocin nan shi ne gareji. RX ta ɗan fi sauran girma, amma ita ta buɗe ƙofa kuma ita ta yi nasara, domin RX 300 da 330 da 350 duk suna tarayya da Camry da Sienna da Highlander a injin. Kayan gyaransu na nan a shagunan Jimeta, wanda babu a aiko daga kasuwar Ladipo ko ta Ƙofar Ruwa. GLK ta fi ɗaukar ido, amma idan fitila ta kama a gaban direba sai an nemo mai kwamfuta, wani lokacin motar ta yi makonni tana jiran wani ɗan ƙaramin abu daga Legas. Ga zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, yana gwada na'urar sanyaya mota da lagireto, yana tsattsaga fatar kujera. Shi ya sa gogaggen mai saye ke zuwa da bakanikensa kafin ya saurari dillali, ya bincika lambar jikin mota a intanet don ya ga ko ta taɓa haɗari ko nutsewa, ya kuma tabbatar takardar kwastan ta gaske ce.

Batun kwastan ya ƙara nauyi tun 1 ga Janairun 2017, da gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Amma bugun da ya fi zafi ya zo a 2023. A ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuɗin fito a tashar ruwa ya bi ta. Tankin RX 350 na cin lita 72, wato cika shi sau ɗaya a kan naira 1,000 lita ya kai mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024.

Kasuwar ta sake juyawa. Sabbin shigowa sun ragu, ciniki ya koma kan motocin da aka riga aka mora a gida, daga hannu zuwa hannu, masu injin babba na neman musanya da mai silinda huɗu. Kamfanin Dangote Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 2022, amma farashinsu ya yi wa ma'aikacin jiha nisa, kuma babu rancen mota irin na da da zai cike giɓin. A gidaje da dama a Karewa jif tana nan an lulluɓe ta da tamfol, ana fito da ita ranar Juma'a ko ɗaurin aure ko tafiya Gombe, zirga-zirgar yau da kullum kuwa an bar wa tsohuwar Corolla da Keke Napep.