Tsiron igwa: ɗan ƙaramin baƙo daga Amurka da abin da ya kamata manoman fadama su sani

Tsiron igwa wani ɗan ƙaramin tsiro ne mai ƙananan ganye wanda masana tsirrai ke kira Pilea microphylla. Asalinsa yankunan zafi na nahiyar Amurka ne, tun daga jihar Florida da ƙasar Meziko da tsibiran Karibiyan har zuwa Kudancin Amurka. A yau ya bazu a Asiya da Afirka da Ostareliya da tsibiran tekun Fasifik, kuma mutane ne suka kai shi mafi yawan waɗannan wurare, wani lokaci da gangan domin ado, wani lokaci a ɓoye cikin ƙasar tukwanen furanni. A wasu ƙasashe ana sayar da shi da kuɗi, a wasu kuwa ana kashe kuɗi domin a rabu da shi.

Sunansa da danginsa

Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ne ya fara rubuta bayanin tsiron a 1759. A 1851 wani masani ɗan Danmak mai suna Frederik Liebmann ya mayar da shi cikin rukunin Pilea, ya ba shi sunan da ake amfani da shi har yanzu. Kalmar microphylla daga harshen Girka take, ma'anarta mai ƙananan ganye. Rukunin Pilea yana da nau'o'i fiye da 600, kuma shi ne mafi girma a dangin Urticaceae, dangin da wasu 'ya'yansa suka yi suna wajen gashi mai harbi da sa ƙaiƙayi. Tsiron igwa ba shi da irin wannan gashi, ana iya taɓa shi ba tare da wata illa ga fata ba.

Sunan igwa kuwa daga halin furensa ya samo asali. A cikin furen namiji akwai 'yan siraran zaruruwa masu ɗauke da ƙurar fure, waɗanda suke lanƙwashe kamar an ɗana tarko. Idan furen ya nuna ya buɗe, sai su miƙe farat ɗaya su watsa ƙurar sama, a ga wani ɗan farin hayaƙi ya tashi kamar na bakin bindiga. Iska ce ke ɗaukar ƙurar ta kai ga furen mace, don haka tsiron ba ya jiran zuma ko wani ƙwaro kafin ya yi iri. Saboda wannan hali ne masu jin Turanci suke kiransa da sunayen da ke nufin tsiron igwa, tsiron albarushi ko tsiron bindiga.

Kamanninsa da renonsa

Tsiron ba ya cika wuce tsawon santimita 30, kuma sau da yawa yakan kwanta ne ya shimfiɗu a ƙasa kamar tabarma. Karansa kore ne mai haske, cike da ruwa, mai saurin karyewa. Ganyensa 'yan milimita kaɗan ne, suna fitowa bibbiyu suna fuskantar juna, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma. Furanninsa sun yi ƙanƙantar da sai an sunkuya ake ganinsu. Akwai wani nau'insa da masu lambu suka fi so, mai ganye da ratsin fari da ruwan hoda.

Masu furanni suna shuka shi a tukunya, ko a gefen hanyar shiga gida, ko a ƙarƙashin manyan itatuwa domin ya rufe ƙasa. Yana son haske amma ba ya jure ranar tsaka kai tsaye, yana son ƙasa mai danshi wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta, kuma bushewar iska tana saurin kashe shi. Dasa shi ba wuya: ɗan guntun kara da aka soka a jiƙaƙƙiyar ƙasa yakan yi saiwa cikin 'yan kwanaki.

Daga ado zuwa ciyawa

Abin da ya sa renonsa ya yi sauƙi shi ne kuma ya sa kawar da shi yake da wahala. Yana fitar da iri mai yawa, ƙanana ƙwarai, waɗanda ruwan ban-ruwa da ƙasar da ta manne a takalmi ko fartanya ke iya ɗauka. Idan aka cire shi da hannu, guntayen da suka karye suka faɗi sukan sake tsirowa. Yana iya rayuwa a tsagar bango, a gefen kwata, a tsakanin duwatsu, duk inda laima ba ta yankewa. A jihar Florida, wadda tana cikin wuraren asalinsa, masu renon dashe a tukwane suna ɗaukarsa ɗaya daga cikin ciyayin da ke damunsu, domin yana rufe bakin tukunya ya raba ruwa da taki da abin da aka shuka. A tsibiran Fasifik da dama an sanya shi cikin jerin baƙin tsirrai masu mamaya.

Ina ruwan Gazara da wannan tsiro?

Gazara mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Makarfi, a arewacin jihar Kaduna, yankin da tare da Ikara da Kudan ya shahara da noman rake, tumatir, barkono da masara. Ruwan sama a wannan shiyya yakan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, yana sauka daga Mayu zuwa farkon Oktoba, sannan rani da hunturu su biyo baya. Wannan doguwar bushewa katanga ce ga tsiro irin wannan. A gonar tudu, inda ƙasa ke bushewa ƙayau wata biyar ko shida, da wuya ya kai wata daminar.

Sai dai arzikin yankin a fadama yake, inda injin ban-ruwa ke hana ƙasa bushewa a tsakiyar rani. Bedin renon tumatir da barkono, gindin rake mai inuwa, bakin rijiyar burtsatse da lambunan renon dashen mangwaro da gwaiba duk wurare ne masu irin laimar da tsiron ke nema. Hatsarinsa ga babbar gona kaɗan ne, domin ba ya iya gasa da dogayen shuke-shuke. Inda zai iya ɓarna shi ne wurin ƙananan dashe, a makonnin farko da suke neman haske da taki. Muhimmancinsa ya fi ƙarfi ta wata fuska: hanyar da yake bi, wato tukunyar fure da ledar dashe da ake ɗaukowa daga wani gari zuwa wani ba tare da bincike ba, ita ce hanyar da ƙwari da cututtukan da suka fi shi sharri suke iya bi.

Abin da tarihi ya nuna

Ba kowane baƙon tsiro ne abin gudu ba. Masara da rogo da tumatir da barkono duk daga Amurka suka zo, darbejiya kuma daga yankin Indiya, an fara dasa ta a Borno a 1928. Amma akwai waɗanda shigowarsu ta zama asara. Ciyawar ruwan nan mai furanni shuɗi-shuɗi, wadda asalinta kogin Amazon ne kuma aka yaɗa ta a duniya saboda kyawunta, ta shigo ruwayen Badagry a 1984, daga baya ta addabi masunta da masu jiragen ruwa har a tafkin Kainji. Ciyawar da mutanen kudu ke kira Awolowo ita ma baƙuwa ce daga Amurka, ta mamaye gonakin da aka bari su huta. Kachala kuwa ta nuna abin da ke faruwa idan aka sauya tafiyar ruwa: bayan gina madatsun Tiga da Challawa, ruwa ya daina janyewa da rani a sassan dausayin Haɗeja da Nguru, sai ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki.

Manoman tumatir na arewacin Kaduna sun ɗanɗana irin wannan da kansu. Ƙwaron Tuta absoluta, wanda manoma suka laƙaba wa suna sharon, asalinsa Kudancin Amurka ne. Ya isa Sifen a 2006, ya ratsa zuwa Afirka, kuma a watan Mayun 2016 ɓarnarsa ta kai gwamnatin jihar Kaduna ga ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. A matakin duniya, rahoton da kwamitin masana na IPBES ya fitar a 2023 ya ƙidaya baƙin halittu fiye da 37,000 da mutane suka kai wuraren da ba nasu ba, fiye da 3,500 daga cikinsu masu cutarwa, ya kuma ƙiyasta asarar da suke jawowa da sama da dala biliyan 423 a shekara.

Wa ke da alhakin tsaro?

Najeriya tana da dokoki a kan wannan batu. Hukumar NAQS, wadda aka sanya wa dokar kafa ta hannu a farkon 2018, ita ke da ikon ba da izinin shigo da tsirrai da iri da kuma bincikarsu a filayen jiragen sama, tashoshin ruwa da kan iyakoki. Hukumar kare muhalli ta NESREA tana da ƙa'idojin 2013 a kan baƙin halittu masu mamaya. Najeriya tana kuma cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Kunming da Montreal a Disambar 2022, wadda ta sa burin rage shigowar irin waɗannan halittu da aƙalla rabi kafin 2030. A kusa da gida akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da cibiyar NAERLS mai kula da wayar da kan manoma, dukansu a Samaru, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

Doka a takarda daban, malamin gona a bakin fadama daban. Tambayoyin da mazauna Makarfi, Ikara da Kudan za su iya yi wa kansiloli da 'yan majalisarsu a bayyane suke: malaman gona nawa ne ke aiki a kowace mazaɓa, nawa aka ware musu a kasafin kuɗi, nawa aka saki, kuma ina manomi zai kai rahoto idan ya ga ciyawa ko ƙwaron da bai sani ba?

Kafin a samu amsa, akwai abin da ke hannun kowa. Mai sayen fure ko dashe ya duba bakin ledar ya cire duk wata ciyawar da ta biyo shi, ya ajiye sabon dashe nesa da bedin reno na 'yan makonni. Wanda yake renon tsiron igwa domin ado ya bar shi a tukunya, idan ya rage shi kuma ya shanya guntayen a rana su bushe sarai, kada ya zuba su a kwata ko a hanyar ruwan da ke gangarawa fadama.